Sunan 'Yar Fari

Akwai wata mata a wani ƙauye na bakin rafi, sana'arta yin daddawa. Mijinta manomi ne, mutum mai ƙarancin magana. Allah ya ba su 'ya'ya mata biyu. Babbar sunanta Keziya, ƙaramar kuwa Bilhatu, shekara shida ne tsakaninsu.

Matar nan ita da kanta ta zaɓi sunan babbar. Tun kafin a ɗaura musu aure, wata Lahadi suna dawowa daga sujada, shi yana gaba ita tana biye, ta ce masa ƙasa-ƙasa, "In Allah ya ba mu mace, Keziya za a sa mata." Bai waiwayo ba, amma ta ga ya rage tafiya har kafaɗunsu suka kusa daidaita, ta san ya ji. Daga wannan rana, sunan bai sake fitowa daga bakinta ba.

Gama a ƙasarsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Kunya ce da aka gada tun kakanni. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ba ita ke fara rugawa ba. Wadda ta riƙe wannan da kyau ita ake kira 'yar mutunci, matar nan kuwa ta riƙe shi fiye da kowa. In za ta kira yarinyar sai ta ce, "Ke." In tana zancenta sai ta ce, "Yarinyar nan." Mutanen gari sun san ba za ta amsa Maman Keziya ba, don haka da aka haifi ta biyu suka laƙaba mata Maman Bilhatu. Ko a addu'a, in ta durƙusa, cewa take yi, "Ya Ubangiji, ka san wadda nake nufi, ka tsare mini ita."

Amma yarinyar ba ta rasa mai kiranta ba, domin akwai Iya, uwar maigidan, a ɗakin da ke kusa da rumbu. Tun da aka yaye Keziya a ɗakin Iya take kwana. Kullum gidan cike yake da muryar tsohuwar.

"Keziya! Keziya mai wuyan zabuwa! Zo ki tsefe mini kai."

"Iya, me za a tsefe? Gashi bakwai ne, jiya na ƙirga."

"Ja'ira. Bakwai ɗin nan su suka hana kakanki barci. Ke da naki cunkus guda, wa ya taɓa biyo ki ko akuya?"

Uwar tana gindin murhu tana jin su, tana dariya a ciki, fuskarta a ɗaure. In Keziya ta yi kuka a cinyar Iya take yi. In ta ci jarrabawa Iya ce ke yin guɗa. Ita uwar, rabonta shi ne ta ji daga nesa, ta gode wa Allah.

A shekarar da Keziya ta cika goma sha biyar, da kaka ana cikin yankan dawa, Iya ta kwanta kwana huɗu, ta rasu. Mutane suka cika gidan. Aka yi wa maigidan ta'aziyya, aka yi wa matarsa, aka yi wa dangi na kusa da na nesa. Keziya kuwa tana ta jidar ruwa daga rafi domin baƙi, ba wanda ya tsayar da ita ya ce mata sannu da rashi. Da aka watse, aka ja ƙofar ɗakin Iya aka ɗaure da igiya, aka mayar da tabarmar yarinyar ɗakin ƙanwarta.

Da farko ba a ga kome ba. Sannu a hankali abu ya soma bayyana, uwar kuwa ita ce ta fara gani, gama ba wanda ke kallon yarinyar kamar ita. Ta ga tuwo yana dawowa daga gabanta an ɗan gutsuri gefe ɗaya kawai. Ta ga kitso ya yi wata biyu a kanta har ya zama kamar sheƙar tsuntsu, ita da dā ba ta yarda ya wuce mako biyu. Ta ga ta daina zuwa koyon waƙa ranar Asabar, alhali muryarta ce ke jan ta sauran 'yan mata. Safiya ta yi, sai an tashe ta sau uku. Ta dawo daga makaranta, sai ta zagaya bayan rumbu ta zauna, ta jingina da bangon ɗakin da aka rufe, tana tonon ƙasa da tsinke har rana ta faɗi. Abin da bai kai ya kawo ba sai ta fashe da kuka, abin dariya kuwa ya zo ta yi ta kallonsa kamar da wani yare aka faɗa.

Uwar ta gaya wa mijinta, "Yarinyar nan ba ta cin abinci."

Ya ce, "Yunwa za ta koya mata."

"Ba ta magana."

"Wa ta gado? Ƙuruciya ce. Ki bar ta." Ya saɓa fartanyarsa ya fita.

Maƙwabciyarsu Kande mai ƙosai, wadda bakinta ba ya hutawa, ta leƙo ta kan danga wata safiya. "Maman Bilhatu, wai me ya sami gimbiyar taku? Jiya na gaishe ta, ta dube ni kamar na zo roƙon gishiri. Ni dai na san abu uku ke sa budurwa haka: ko saurayi, ko iska, ko sangarta. In saurayi ne, a kira shi ya zo mu ga ƙafafunsa. In iska ce, a kai ta dattawa su ɗora mata hannu. In kuwa sangarta ce, ga tsumagiya can a jikin tsamiya, kyauta take."

Uwar ta yi 'yar dariyar da ake yi wa maƙwabta, ta ce, "Za ta ware."

A ranta kuwa ba ta yarda da ko ɗaya cikin ukun ba. Ta san ciwo ne, ko da yake ba ta san sunansa ba. Sai ta shiga yin magani irin wanda ta iya. Ta riƙa tura tsokar nama ƙarƙashin tuwon Keziya inda ba wanda zai gani. Ta sayo mata sabon ɗankwali mai ruwan ganye, ta miƙa wa Bilhatu ta ce, "Kai wa yayarki, ki ce a hanya aka tsinta." In ta ga yarinyar ta daɗe a bayan rumbu, sai ta ce, "Bilhatu, gaya wa yayarki sanyi ya sauko." Bilhatu ta tafi, ta dawo ta ce, "Ta ce ta ji." Kullum amsar ke nan. Tsakanin uwa da 'ya taku goma ne, amma sai an aiki yarinya 'yar shekara tara ta ɗauki maganar ta kai.

Wata rana da la'asar uwar tana tsakar gida tana aikinta. Ta dafa kalwa, ta surfe, ta wanko ta a rafi, ta sake dafawa, tana juye ta da zafinta cikin babban kwando da aka shimfiɗe da ganye. Sai ta ji mutum tsaye a kanta. Keziya ce. Wata uku ke nan ba ta zo kusa da ita haka da ƙafarta ba.

"Mama."

"Mm."

"Kin san sunana kuwa?"

Hannun uwar ya tsaya a kan ludayi. Ta so ta ce, ni na zaɓa miki shi tun babu ke, na riƙe shi shekara biyu a raina kafin ki zo. Ta so ta ja ta ta zaunar a cinya, da girmanta da kome. Amma ta ji motsin Kande a bayan danga, ta kuma ji kunya ta taso mata daga ƙafa zuwa fuska kamar an ce ta tuɓe a kasuwa. Sai ta yi dariya.

"Ji shirme. Miƙo mini tsumman can in rufe, kada ta huce."

Keziya ta ɗauko tsumman ta miƙa mata da hannu biyu, ta tsaya kaɗan, sa'an nan ta juya ta koma bayan rumbu.

Uwar ta lulluɓe kwandon, ta danne da faifai, ta kai shi lungun ɗaki. Daddawa ba ta son a yi ta buɗe ta. Rufe ta ake yi a ba ta kwana uku cikin duhu, ta yi zafinta ita kaɗai, ranar da aka buɗe sai a tarar ta nuna. Matar nan ta ce a ranta, haka yarinyar nan ma. A bar ta a rufe, zafin zai gyara ta. Ni ma uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, ga ni kuwa ban mutu ba. Ba ta tuna cewa ita kakarta ta rayu har ta kai ta ɗakin miji ba.

Ranar Alhamis kasuwar garin ke ci. Uwar ta baza daddawarta a layin masu kayan miya, tsakanin Kande da waɗansu tsofaffin mata biyu, ƙawayen marigayiya Iya. Rana ta take, kasuwa ta cika. Tana cikin ƙulla wa wata mata daddawa a ganye ta ɗaga kai, sai idonta ya faɗa can gindin ɗorawa, inda motar birni ke lodi.

Ko cikin mutum dubu ta san wannan bayan. Keziya ce, da ƙullin kaya a hammata, tana tsaye a bakin ƙofar mota, ƙafa ɗaya a kan mataki.

Uwar ta miƙe, faifan daddawa ya kife. Ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta. "Ke! Ke yarinya!"

'Yan mata sun fi ashirin da suka waiwayo. Mai tallar gyaɗa ta waiwayo, mai fura ta waiwayo, har wata mai goyo ta nuna ƙirjinta tana tambaya ko ita ake nufi. Guda ɗaya ce ba ta waiwayo ba. Amma uwar ta ga kafaɗarta ta motsa. Ta ji. Ta gane muryar. Ba ta shiga ba, ba ta kuma sauko ba, ta tsaya cik da ƙafarta a kan mataki.

Ɗan kamasho ya buga jikin motar. "'Yammata, in shiga ne ki shiga, in sauka ne ki ba mutane hanya!"

Sunan ya taso ya cika wa uwar baki. Yana kan harshenta, da nauyinsa, da zaƙinsa. Sai ta dubi dama, ta ga tsofaffin nan biyu sun zuba mata ido. Ta dubi hagu, ta ga Kande ta saki baki. Dubawar ba ta fi ƙiftawar ido biyu ba. Da ta mayar da idonta gindin ɗorawa, matakin babu kowa, an ja ƙofa, mota ta ɗaga.

Ta bi ta da gudu, zane yana kwancewa, tana ture masu kaya, har bakin gada. Motar ba ta tsaya ba.

Maigidan ya bar gonarsa ya tafi birni. Ya duba gidan ƙanwarsa, ya duba gidajen 'yan garinsu, ya zagaya tasha da asibiti, bayan kwana tara ya dawo shi kaɗai, ya rame. Mutumin da ya ce ƙuruciya ce, shi ne yanzu ke zama a bayan rumbu in ya dawo daga gona. Majami'a ta yi addu'a da azumi. Kande ta daina leƙowa ta danga. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa.

A shekara ta biyu wani ɗan garin mai fataucin albasa ya dawo da labari. Ya ce ya ga mai kama da ita a wani gari mai nisa, tana wanke kwanuka a gidan abinci kusa da tasha. Uwar ba ta jira a yi shawara ba. Washegari ta shiga mota, ita da ba ta taɓa wuce garin da ke gaba da nasu ba, ta yini tana tafiya.

Ta sami wurin, rumfa ce ta kwano cike da direbobi da masu dako suna cin shinkafa. Can ciki, gaban wata babbar roba, wata doguwar budurwa tana durƙushe tana cuɗa kwano, ta ba ƙofa baya. Uwar ta tsaya a tsakiyar rumfar. Maza sun fi talatin a wurin. Ba ta dubi dama ba, ba ta dubi hagu ba.

"Keziya!"

Muryar ta fito a shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Masu cin abinci suka ɗago. Hannun budurwar ya tsaya cikin ruwa.

Mai rumfar, wata ƙatuwar mata mai fara'a, ta taso tana share hannu. "Baiwar Allah, ba mu da Keziya a nan. Waccan Lami ce. Ranar da ta zo na tambaye ta sunanta, ta ce in sa mata duk wanda na ga dama. Alhamis ce, sai na ce to, Lami. Yarinyar kirki, ba ta sata, ba ta bin maza. Sai dai ban taɓa ganin haƙorinta ba. Wani lokaci ta yi kwana uku ba ta ce uffan ba. Ke wace ce tata?"

"Ni na haife ta."

Budurwar ta miƙe, ta zo a hankali. Ta ƙara tsawo, idanunta sun faɗa. Ta rusuna ta gaishe da uwarta kamar yadda ake gaishe da baƙuwa, ta kawo mata ruwa a kofi, ta ja benci suka zauna a bakin rumfa. Uwar tana kuka, ita kuwa idonta a bushe.

"Ki zo mu koma gida. Babanki ya rame ya ƙare. Ƙanwarki kullum tana tambaya."

"Mama, ran nan a bakin mota na ji ki. Na ce a raina zan ƙirga goma, in kin kira ni zan sauko. Na kai goma. Na ƙara biyar."

Uwar ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Ba fushi nake yi ba. Da ma fushin ne, da na ji wani abu. Ba na jin kome, Mama. Nan da can duk ɗaya ne a wurina, sai dai a nan ba na jiran kowa." Ta kalli hannuwanta da ruwan sabulu ya yamutsa. Can ta ce, "Sake faɗa, in ji yadda yake a bakinki."

"Keziya. Keziya, 'yata."

Budurwar ta lumshe ido, ta saurara har sautin ya ɓace cikin hayaniyar tasha.

"Ashe haka yake," in ji ta.

Daga ciki wani direba ya buga cokali a kwano yana kira, "Lami! Ruwa!" Ta ce, "Na'am," ta miƙe. Uwar ta kwana biyu a garin tana roƙo, ranar na uku ta shiga mota ita kaɗai.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa. Matar nan ba muguwa ba ce. Ta ƙaunaci 'yarta fiye da yadda yawancinmu muka iya ƙauna. Amma ƙaunar da aka ɓoye a ƙarƙashin tuwo, aka aika ta bakin ƙanwa, ba ta isa wurin mai ciwo ba. Yarinyar ta ci naman, ba ta san saƙo ba ne.

Kunyar ɗan fari ba ita ce laifin ba. Waɗanda suka kafa ta sun bar wa yaro kaka da gwaggo da kawu, mutanen da za su kira shi, su tsokane shi, su share masa hawaye. Yau gidajenmu sun ragu, tsofaffi sun tafi, dangi sun watse cikin birane. Mun riƙe rabin al'adar da ke cewa uwa ta yi shiru, mun bar rabin da ke cewa wani ya yi magana. Kunyar ma ba iri ɗaya ba ce. Akwai uban da bai taɓa ce wa ɗansa "ka kyauta" ba. Akwai uwar da za ta iya tsayawa a gaban taron mata ta yi addu'ar sa'a guda, amma ba za ta iya zama minti biyar ta ce wa 'yarta "me ke damunki" ba.

Abin da ya kama Keziya ciwo ne, masu aikin asibiti suna kiransa ciwon damuwa. Yana kama matasa da yawa, har 'ya'yan masu bi. Ba sangarta ba ne, ba kuwa rashin bangaskiya ba. In yaronku ya daina ci, ya daina wanka da ado, ya bar abin da yake so a dā, ya yi ta keɓe kansa mako da makonni, kada ku rufe shi ku ce zai nuna. Mutum ba kalwa ba ne, in an bar shi cikin duhu da zafinsa lalacewa yake yi. Ku yi addu'a, ku zauna kusa da shi, ku kuma kai shi wurin masu magani kamar yadda za ku yi in zazzaɓi ne.

Ku matasa da kuke zaune a nan da nauyi a ƙirji, kada ku gwada iyayenku da jarrabawar da ba su san an sa musu ba. Ku faɗa da baki, in ba su gane ba ku sake faɗa, in ya gagara ku nemi wani babba cikin jama'ar nan. Ubangiji da ya yi ku ya san sunan kowannenku, bai kuwa taɓa jin kunyar kiransa ba.

Ku iyaye, matar nan idon mutum uku ta duba, ta rasa 'yarta. Ba ɗaya cikin ukun da ya raka ta neman. In an tashi yau, kada ku daɗe a bakin majami'a kuna gaishe-gaishe. Mai yiwuwa akwai wanda ke zaune a gidanku yanzu haka yana ƙirge a zuciyarsa, ba ku kuwa san a nawa yake ba.